Mazauna Duhu: Daga Kusurwar Soro Zuwa Ƙuryar Kogo

Duk wanda ya taɓa ɗaura tsintsiya a dogon kara ya shiga tsohon soro a cikin birnin Zazzau don kakkaɓe yana, ya san wannan gizo-gizon: ɗan jiki ƙarami, ƙafafu dogaye sirara, yana reto a kife can sama inda azara ta haɗu da bango. Da ka taɓa saƙarsa, maimakon ya gudu sai ya kama karkarwa, yana wulwula jikinsa da sauri har ido ya kasa tsayar da shi. Ba ruɗewa ya yi ba. Dabarar kare kai ce, domin abin da ya zo cinsa ba zai san inda zai kai cafka ba. Ka share yau, kafin wata ya zagayo ya mayar da saƙarsa a wurin.

Masana suna kiran danginsa Pholcidae. Tun kafin ɗan Adam ya fara aza tubali a kan tubali, wannan dangi yana zaune a ƙarƙashin duwatsu, cikin tsaguwar dutse, a kogon itace, da bakin kogwanni. Soron ƙasa mai kaurin bango da 'yar ƙaramar taga ya ba su duk abin da kogo ke ba su: duhu, sanyin da ba ya hawa da sauka sosai tsakanin dare da rana, iska a kwance, da ƙwarin da ke shigowa neman mafaka. Saboda haka mai son ya fahimci gizo-gizon kogo ba sai ya fara da hawa jirgi ba. Abin da ke reto a saman kansa shi ne farkon hanyar, ƙarshenta kuwa wata halitta ce fara sol, marar ido ko ɗaya, da ba ta taɓa sanin akwai rana ba.

A baki duk ƙwari muke ce musu, amma gizo-gizo ba jinsin fara da kyankyaso ba ne. Ƙafarsa 8 ce, tasu 6. Jikinsa kashi biyu ne, ba shi da fiffike, kuma yawancinsu idanu 8 gare su, wasu 6. Dukansu suna fitar da zare, sai dai ba duka ke kafa tarko da shi ba. Da yawa a ƙafa suke farauta. Tun daga 1757, lokacin da Carl Clerck na ƙasar Suwidin ya wallafa littafinsa a kan gizo-gizon ƙasarsu, masana ke ta raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilun 2022 kundin duniya da gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a Siwizaland ke kula da shi ya kai iri 50,000, masu kula da shi kuma suka ce ƙila rabi kawai aka gano. A 2017 wasu masana biyu na jami'ar Turin a Italiya, Stefano Mammola da Marco Isaia, suka tattara abin da aka sani game da na ƙarƙashin ƙasa. Suka iske cewa daga manyan dangogi 113 da aka sani a lokacin, aƙalla 48 suna da wakili a kogo, kuma kimanin iri 1,000 ba sa rayuwa ko'ina sai can.

Kogo ba wuri ɗaya ba ne, kuma a nan bayanin yake farawa. Akwai baki, inda rana ke leƙowa, gansakuka ke tsirowa, zafi da sanyi ke bin na waje. Gizo-gizon kogon da kowane yaron makarantar allo ya ji labarinsa na nan ne: wanda littattafan sira suka ambata ya yi saƙa a bakin Kogon Saur lokacin Hijirar Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar, ruwayar da malaman hadisi suka yi saɓani a kan ƙarfin isnadinta. Bakin kogo kuwa daɗaɗɗen mazaunin masu saƙa ne, don nan ne mashigar ƙwari. Ka matsa ciki sai duhu-duhu, inda haske ke raguwa har tsiro ya ƙare. Ka ƙara matsawa sai ƙurya, duhu dunɗum, babu dare babu rana, babu damina babu rani. Zafin ƙurya kusan daidai yake da matsakaicin zafin shekara na ƙasar da ke samanta, danshin iska kuma yakan kusa cika ɗari bisa ɗari.

A bisa wannan ne aka kasa mazauna kogo gida uku, rabon da Ignaz Schiner ya fara a 1854, Emil Racoviță na Romaniya ya gyara shi a 1907. Akwai baƙin kogo, masu shiga su fita, abincinsu na waje. Jemage ne babban misali. Akwai masoya kogo, waɗanda za su iya haihuwa su mutu a ciki amma ana samunsu a wasu wurare masu duhu da laima. Sai haifaffun kogo, waɗanda fitowa waje ajalinsu ne.

Gida na tsakiya ya fi yawa, kuma gizo-gizon soronmu a nan danginsa suka fi taruwa. Bernhard Huber na gidan tarihin Koenig da ke Bonn a Jamus, wanda ya ƙarar da shekaru yana nazarin Pholcidae, ya ƙirga a 2018 cewa an kamo iri 473 na wannan dangi a kogwanni kusan 1,000 a duniya. Daga cikinsu 86 ne kawai jikinsu ya nuna alamun zaman ƙurya, 21 kuma ba su da ido sam. Wato mafi yawansu da idanunsu garau suke zaune a kogon, ba abin da ya raba su da na cikin ɗaki sai mazauni.

A Turai akwai wani masoyin kogo da ake kira Meta menardi, wanda rayuwarsa ke nuna yadda ake zama da ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Babban yana gudun haske, yana saƙa a jikin bangon kogo yana kama abin da ke rarrafe. Macen takan rataye jakar ƙwanta, fara mai siffar ɗigon ruwa, a rufin kogo kusa da baki. Amma 'ya'yan, bayan sun yi saɓar farko, sai halinsu ya juye: haske suke nema. Su fito bakin kogo, kowanne ya saki zare iska ta ɗauke shi, su bazu cikin daji. Sai sun ƙara girma ƙin hasken ya dawo musu, su nemi wani ramin su shige. Da haka irin ya mamaye kogwanni da rijiyoyi da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa daga wannan gefen Turai zuwa wancan. Haifaffen kogo ba shi da wannan mafita. Inda aka haife shi nan zuriyarsa za ta ƙare.

Babbar matsalar ƙurya ba duhu ba ce, yunwa ce. Inda babu haske babu tsiro, inda babu tsiro babu tushen abinci, sai abin da ya shigo daga waje: ganye da ƙirare da ambaliya ta turo, saiwar itace da ta huda rufi, mushen dabbar da ta faɗo, sai kuma kashin jemage. A ƙasashe masu zafi wannan na ƙarshen ne ginshiƙi. Jemagu su yi kiwo a waje da dare, su dawo su zubar a ciki. Kyankyaso da gyare da ƙananan ƙudaje su rayu a kan tulin. Gizo-gizo ya rayu a kansu. Kuma a cikin masu farauta babu wanda ya dace da wannan zama kamarsa, domin jikinsa ba ya cin ƙarfi da yawa idan yana zaune shiru, yana iya yin watanni bai ci ba, ba ya kuma buƙatar ido kafin ya kama nama. A ƙafafunsa akwai wasu siraran gashi da ke jin motsin iska komai ƙanƙantarsa, da wasu 'yan tsage-tsage a fatar da ke jin girgizar zare ko ta ƙasa. Ko gizo-gizon fili mai saƙa, da waɗannan yake aiki fiye da ido.

Akwai kogwannin da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma su ne suka fi ba ni mamaki. A 1986 ma'aikata masu gwajin ƙasa a kudu maso gabashin Romaniya suka huda wani kogo, Movile, wanda aka ƙiyasta ya yi shekara miliyan 5 da rabi a toshe. Babu abin da ke shiga daga sama. Ruwan cikinsa na ɗauke da farar wuta, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna sarrafa ta su yi abinci ba tare da rana ba, ƙananan dabbobi su ci su, gizo-gizo da shanshani da kunamar ruwa su ci ƙananan. A 2025 kuma István Urák da abokan aikinsa suka wallafa bayanin wani kogon farar wuta a kan iyakar Albaniya da Girka, inda suka auna saƙa guda mai faɗin murabba'in mita 106, da gizo-gizo kimanin 111,000 a jikinta. Kusan 69,000 daga ciki Tegenaria domestica ne, gizo-gizon da aka saba gani shi kaɗai a lungun gidajen Turai. Ƙananan ƙudajen da ke tashi daga ruwan sun yi yawan da ya sa halittar da ba ta son maƙwabci ta haƙura ta zauna a cunkushe. Abinci ne ke tsara hali a ƙarƙashin ƙasa.

To, me ya sa haifaffen kogo ke rasa ido? Charles Darwin, a littafinsa na 1859, ya ɗora abin a kan rashin amfani: gaɓar da aka daina aiki da ita ta shanye. Masana na baya sun gane cewa ba haka gado ke tafiya ba. Uban da ya zauna a duhu ba ya haifar ɗa mai raunin ido don wannan dalilin. Bayani biyu ake yi yanzu, kuma suna iya tafiya tare. Na farko: a kowace zuriya akan sami 'yan kurakurai a ƙwayoyin gado. A fili, wanda aka haifa da lalataccen ido ba ya kai labari, tsuntsu ko ƙadangare ya cinye shi kafin ya haihu. A ƙurya kuwa babu mai hukunta shi, zai hayayyafa kamar kowa, kurakuran su yi ta taruwa cikin dubban zuriya har idon ya shafe. Na biyu: ido yana da tsada. An auna wannan a jikin wani kifin Meziko da ke da na kogi mai ido da na kogo makaho. Binciken da aka wallafa a 2015 daga jami'ar Lund ya nuna cewa a ƙaramin kifi, ido da sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da gani suna cin har kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a zaune. Kamar dokin hawan Sallah ne a gidan da hatsi ya ƙare: idan babu hawan da za a yi, gidan da ya rabu da shi ne 'ya'yansa za su ƙoshi. Mai imani zai ga hikimar Mahalicci a wannan tsari, mai bincike kuma yana tambayar ta wace hanya abin ya gudana, ni ban ga inda tambayoyin biyu suka ture juna ba.

Ba ido kaɗai ke tafiya ba. Launi ma yakan gushe, tunda ba rana da za a kare, ba kuma idon maƙiyi da za a ɓuya masa. Ƙafafu sukan ƙara tsawo, gashin jin motsi ya ƙaru. Fata takan yi laushi ta rasa kakin da ke hana ruwan jiki tsiyayewa, wanda shi ya sa iskar waje ke busar da su nan da nan. Haihuwa takan ragu, ƙwai ya zama kaɗan amma manya, rayuwa ta yi tsawo. Wani ɗan mitsitsin makaho a duwatsun Firenis na kudancin Faransa, Telema tenella, ƙwai 3 ko 4 macen ke sawa a jaka guda, kuma yana wuce shekara 10 a duniya, alhali yawancin na fili shekara ɗaya ko biyu ce iyakarsu.

Shi kansa ilimin bai tsufa ba. A 1831 wani mai kunna fitilu a kogon Postojna, a ƙasar da yau ake kira Sulobeniya, mai suna Luka Čeč, ya tsinci wani makahon buzuzu a ƙurya. Kafin nan malaman Turai ba su zaci ƙwaro zai iya rayuwa a can ba. Masu nema suka yi ca a kan kogon, a 1847 kuma Jørgen Schiødte na Denmak ya bayyana Stalita taenaria, gizo-gizon kogo marar ido na farko da aka rubuta. Ba ya saƙa tarko, a ƙafa yake bin namansa yana lalube. Racoviță ya kafa cibiyar nazarin kogwanni ta farko a duniya a birnin Cluj a 1920. Shekaru sama da ɗari na irin wannan naci ne suka sa a 2018 aka iya lissafa iri 486 na gizo-gizon kogo a Turai, 195 daga ciki haifaffun kogo.

A nan ne kuma aka yi kuskuren da ya shafe mu kai tsaye. Da yake a Turai da Amurka ta Arewa aka fi samun makafin, sai aka gina bayani a kansu: wai ƙanƙarar da ta rufe arewacin duniya a zamanin da ce ta kashe na fili, waɗanda suka fake a kogo suka tsira, suka maƙale, suka makance. Idan haka ne, ƙasashe masu zafi da ƙanƙara ba ta taɓa ba ba za su sami haifaffun kogo ba sai nadiri. An daɗe ana karantar da wannan. Sai a 1971 Frank Howarth ya shiga ramukan da narkakken dutse ya bari a tsibiran Hawai, tsakiyar teku, wuri mai zafi, ya fito da makafin ƙwari iri-iri. A tsibirin Kauai ya samo gizo-gizon da Willis Gertsch ya raɗa wa suna Adelocosa anops a 1973. Danginsa na fili an san su da manyan idanu masu ƙyalli idan an haska su da tocila. Shi kuwa ko gurbin ido babu. Howarth ya kawo wani bayanin: ba gudun bala'i ya kai su ciki ba, abinci suka bi. Saiwoyin itatuwa na ratsa rufin ramin, ƙwari na tsotsar saiwar, mafarauci ya bi su, zuriyarsa ta saba da can alhali 'yan'uwansa na nan a sama.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A Lawos, Peter Jäger na gidan tarihin Senckenberg da ke Frankfurt ya bayyana Heteropoda maxima a 2001, mazaunin kogo mai buɗin ƙafa har santimita 30, sannan a 2012 ya bayyana Sinopoda scurion, na farko marar ido a danginsu. A shekarar 2012 ɗin dai aka sanar da Trogloraptor daga kogwannin jihar Oregon a Amurka, wanda ya bambanta da kowa har sai da aka buɗe masa sabon dangi shi kaɗai. Darasin da na ɗauka a nan shi ne taswirar inda ake samun waɗannan halittu takan bi sawun inda masu neman suka taka ne. Ko gizo-gizon ɗaki na yankinmu bai gama shiga littafi ba: sai a 2013 Huber da Peter Kwapong na Ghana suka bayyana Artema bunkpurugu, babban ɗan dangin Pholcidae, suka sa masa sunan wani gari a arewacin Ghana.

Yanzu mu dawo gida mu dubi ƙasar da Zazzau ke kai. Manyan kogwannin duniya a dutsen farar ƙasa suke, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gombe. Ruwan sama yana ɗaukar iskar da muke fitarwa a numfashi, daga sararin sama da cikin ƙasa, ya zama ɗan tsami-tsami, ya bi tsaguwa yana narkar da dutsen sannu a hankali har hanya ta buɗe. Postojna ta wuce kilomita 24 ta wannan hanyar. Dutsen Kufena, da Madarkaci, da duwatsun Turunku, ba irin wannan ba ne. Ƙaƙƙarfan dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa tun fil azal, ruwa ba ya narkar da shi haka. Abin da yake yi shi ne tsagewa da ɓarewa falle-falle, manyan curarraki su gangaro su hau kan juna, a sami lungu da rumfa a tsakaninsu. Irin waɗannan kogwanni gajeru ne, sau da yawa ƙofa biyu ko uku gare su, iska na ratsawa. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Idan hunturu ya kama, iskar da ke fasa leɓe ita ce ke shiga lungun dutse ta busar da shi. Halitta mai laushin fata ba za ta jure wannan ba. Saboda haka abin da hankali zai sa a tsammata a rumfunan Kufena shi ne baƙi da masoya kogo: masu dogayen ƙafa, da shimfiɗaɗɗen gizo-gizon nan na dangin Selenopidae da ke manne a bango da dare, wanda faɗin jikinsa an yi shi ne don shiga tsaguwa.

Akwai kuma wata halitta da ke tsorata masu yasar rijiya da masu gyaran tsohuwar shadda a Afirka ta Yamma: shimfiɗaɗɗiya, mai hannaye masu ƙaya da wasu ƙafafu biyu dogaye ƙwarai da take lalube da su, tana tafiya a kaikaice. Masana na kiran irin na yankinmu Damon medius. 'Yar'uwar gizo-gizo ce ta nesa, ba ta saƙa, ba ta kuma da dafi. Muninta ne kawai ke jawo mata takalmi, ba laifin da ta yi.

Amma a ce tunda babu kogon farar ƙasa babu haifaffen kogo, wannan gaggawa ce. Kogo a wurinmu rami ne da mutum zai iya shiga. A wurin halittar da ba ta kai ƙwayar gero ba, tsaguwar da ba ta wuce kaurin farce ba ma duniya ce. A 1980 Christian Juberthie da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa makafin ƙwarin da ake kamawa a kogo suna nan a cikin tarin tsakuwa da ƙasa ta rufe a gindin duwatsu, inda babu kogo ko kusa. A yankin Pilbara na yammacin Ostireliya, ƙasa mai zafi da fari inda ake haƙar tama, masu bincike suka riƙa zura tarko cikin ramukan da injin masu neman ma'adini ya huda, suka fito da ɗaruruwan makafin halittu da ba a taɓa sani ba, har da gizo-gizo. A Carajás ta Burazil an same su a cikin ɓawon jan dutse mai ƙarfe da ke rufe tuddai. Marmarar da ake sara a ƙasar Hausa dangin wannan ɓawon ce, ita ma duk ƙofofi ce a ciki. Wannan bai tabbatar da cewa akwai makahon gizo-gizo a ƙarƙashin Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ba. Abin da ya nuna shi ne tambayar ta cancanci a yi ta, kuma kowace tsohuwar rijiya a cikin ganuwa taga ce da magabata suka riga suka huda mana zuwa cikin wannan ƙasa.

Yadda ake aikin ba ya buƙatar dukiya mai yawa, haƙuri yake ci. Mai bincike yakan shiga da tocila a goshi, ya duba bango da rufi da ƙarƙashin duwatsu, ya ɗauki ƙananan da ɗan burushi mai laushi ko ya zuƙe su da siririn bututu mai rariya a tsakiya. Ya sa su a kwalba da sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, domin gizo-gizo ba ya busuwa da kyau a kan allura kamar buzuzu, yamutsewa yake. Wanda za a duba ƙwayoyin gadonsa akan sa shi a mai kashi 95 ko fiye. A cikin kwalbar a jefa 'yar takarda da aka rubuta da fensir: wuri, rana, nisa daga bakin kogo, zafi, danshi, sunan mai kamawa. Wahalar tana wajen tantancewa. Launi da girma ba su isa ba, don iri biyu na iya kama da juna kamar an tsaga kara. Abin da ke raba su shi ne siffar gaɓoɓin haihuwa: na namiji suna kan wasu 'yan hannaye biyu a gaban bakinsa, na mace a ƙarƙashin cikinta, kuma sai an sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganinsu. Waɗannan gaɓoɓi ba sa bayyana sai bayan saɓar ƙarshe. A kogo kuwa yawancin abin da ake kamawa yara ne. Shi ya sa hanyar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, ta karanta ɗan guntun ƙwayar gado a kwatanta, ta zama babban sauƙi: da ita ake haɗa yaro da babbansa.

Wani zai ce, da matsalolin da ke gabanmu, ina ruwan wani da makahon gizo-gizo? Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amsata ita ce waɗannan halittu ba su da wurin gudu. A jihar Teksas akwai kusan iri 60 na makafin Cicurina, da yawansu a kogo ɗaya ko biyu kawai aka san su. A 2012 aka tsayar da aikin hanya na dala miliyan 15 a San Antonio saboda an ga guda ɗaya a wani rami da haƙar ta buɗe. Na Kauai kuwa tun 2000 yake cikin jerin halittun da Amurka ke karewa, domin gine-gine da sare itatuwa sun datse saiwoyin da ke ciyar da raminsa. Ba ina cewa a tsayar da hanyoyinmu ba ne. Ina cewa duk dutsen da aka fasa aka mayar tsakuwar gini, duk lungun da aka cusa wa wuta don korar jemagu ko gafiya, duk rijiyar da aka cike da shara, ana rufe ta ne da abin da ke cikinta. Ko babu makaho a ciki, akwai masu cin sauro da kyankyaso, akwai kuma jemagun da ke rage ƙwarin gona.

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma, wadda tushenta ya koma 1922, tana da ɗakin ajiyar ƙwari da ɗalibai ke kai samfuri a tantance musu. Afirka ta Kudu ta fara ƙidayar gizo-gizonta ta ƙasa a 1997 ƙarƙashin jagorancin Ansie Dippenaar-Schoeman, ta rubuta fiye da iri 2,000. A shekarar ce kuma ita da Rudy Jocqué suka fitar da littafin tantance dangogin gizo-gizon Afirka, wanda ɗalibi zai iya farawa da shi. Ɗalibin da ya zaɓi soro biyar, rumbu biyar, rijiya biyar da lungun dutse biyar, ya nemi izinin masu gida da mai unguwa, ya riga ya sami aikin digiri.

Sai dai a kiyaye. Kada kowa ya sauka tsohuwar rijiya don wannan; gurɓatacciyar iska na taruwa a gindinta, takan kayar da ƙato kafin ya yi ihu. Daga sama ake aikin: a sami gorar roba a huhhuda ta, a cika da jiƙaƙƙen ganyen da aka turara da zafi don kashe ƙwarin da ke jikinsa, a ɗaura igiya a zura ta jingina da bango sama da ruwa, a bar ta mako shida zuwa takwas kamar yadda ake yi a Pilbara. A lungun da jemagu ke kwana a rufe hanci da baki, domin busasshen kashinsu na iya ɗauke da wata cutar huhu, a kuma sa sanda gaba kafin hannu saboda maciji da kunama. Sannan zuwa ɗaya ba ya wadatarwa. A je a watan Janairu, a koma wurin nan dai a Agusta, domin wanda ya nutse cikin tsaguwa lokacin hunturu sai ƙasa ta jiƙa yake haurowa, kuma yaron da aka gani a zuwan farko sai a na biyu zai yi saɓar da za ta sa a iya gane ko wane ne.